Sana'ar Tsaron Intanet: A Kafa Gini Kafin A Ɗora Jinka

Duk wanda ya ke lura da tallace-tallacen makarantun koyon kwamfuta da suka cika biranen ƙasar nan, tun daga Ikko da Fatakwal har zuwa Abuja da Kaduna da Kano, lalle ya ga wata sabuwar haja da a ke ta yayatawa a 'yan shekarun nan, watau sana'ar tsaron intanet. Ana gaya wa samari da 'yan mata waɗanda suka ƙare makaranta suna zaune babu aikin yi cewa in sun biya kuɗi sun zauna aji na 'yan makonni, sun ci jarrabawa guda ɗaya, to shi ke nan kakarsu ta yanke saƙa, bankuna da manyan kamfanoni za su riƙa rububinsu. Iyaye kuwa, saboda ƙaunar ganin 'ya'yansu sun tsaya da ƙafafunsu, sai su sayar da ɗan abin da Allah ya hore musu su biya. A wannan mako filin nan zai duba yadda sha'anin ya ke, domin wanda ya yi niyyar shiga wannan sana'a ya san ƙofar da zai bi, kada ya yi asarar dukiya da lokaci.

BUKATA DAI AKWAI TA

Da farko, maganar cewa ana bukatar ma'aikata a wannan fanni ba ƙarya ba ce. Ƙungiyar ISC2, wadda ta ke ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin masu wannan sana'a a duniya, ta ƙiyasta a rahotonta na 2024 cewa mutum miliyan 5.5 ne su ke aikin tsaron intanet a faɗin duniya, kuma akwai giɓin wasu miliyan 4.8. A nan gida ma doka ta tilasta bukatar. Tun 2018 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowane banki ya naɗa babban jami'in tsaron bayanai. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Sa'an nan a 2024 aka yi wa Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 gyara, aka rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana 7 zuwa awa 72. Kowace daga cikin waɗannan dokoki tana nufin dole a sami mutanen da za su zauna su yi aikin.

Amma fa wani hanzari ba gudu ba. Giɓin nan da a ke ambata ba guraben aiki ba ne da ke jiran duk wanda ya ɗauko takarda. Abin da ma'aikatu su ke nema shi ne wanda za a iya damƙa wa mabuɗin gida a yi barci. Shi ya sa mai neman aiki zai tarar yawancin sanarwar ɗaukar ma'aikata suna tambayar shekarun da ya yi yana aiki, da irin na'urorin da ya taɓa riƙewa. Ga bukata, ga kuma matasa masu takardu suna yawon neman aiki, an kasa haɗuwa a tsakiya. Dalili kuwa shi ne da yawa sun fara ne daga inda ya kamata su ƙare. Takardar shaida, kamar yadda sunanta ya nuna, shaida ce kurum a kan abin da mutum ya riga ya iya. In babu iyawar, to shaidar zur ce, kuma ranar ganawa da masu ɗaukar aiki asiri zai tonu.

MENE NE AIKIN?

Kafin mutum ya nemi sana'a, ya kamata ya san abin da masu ita su ke yi daga safe zuwa dare. Yawancin sababbin shiga ba fasa na'urorin mutane a ke ɗaukar su yi ba, kamar yadda a ke nunawa a majigi. Ana zaunar da su ne a ɗakin sa ido, inda a ke karɓa-karɓa dare da rana. A gabansu akwai allunan da ke nuna duk abin da ke faruwa a na'urorin ma'aikata, kuma manhaja tana ta buga ƙararrawa. Ga wani ya gwada kalmar sirri ba daidai ba sau talatin cikin minti biyu. Ga asusun wani akawu an buɗe shi daga wata ƙasa da ƙarfe uku na dare, alhali mai shi yana kwance a Kubwa. Ga wata kwamfuta a ofishin biyan albashi tana aika bayanai masu yawa zuwa adireshin da ba a san shi ba. Aikin ma'aikacin shi ne ya tantance wace ƙararrawa ce ta banza, wace ce ta gaske, ya rubuta abin da ya gani, ya miƙa wa na gaba da shi cikin hanzari.

To, ta yaya mutum zai gane abin da ya saɓa wa al'ada in bai san al'adar ba? Mai gadin kasuwa da bai san masu rumfuna ba, bai san ƙofofin kasuwar ba, bai san lokacin da a ke sauke kaya ba, ko an ba shi kaki da tocila da usur, ɓarawo zai wuce ta gabansa har ya gaishe shi.

Manyan hare-haren da duniya ta gani sun tabbatar da haka. Ranar Jumma'a 12 ga watan Mayu 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle na'urori fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace. A Ingila asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya har wajen 19,000. Abin takaici shi ne tun watan Maris na wannan shekara kamfanin Microsoft ya fitar da facin da zai toshe kafar da ta bi, amma ma'aikatu da yawa ba su liƙa shi ba. Haka nan a watan Mayu 2021 aka tsayar da bututun mai na kamfanin Colonial Pipeline, wanda ke ba gabashin Amurka kusan rabin man da ya ke sha, har aka yi layin mai na kwanaki. Masu kutsen sun shiga ne da kalmar sirri guda ɗaya ta wani tsohon asusu da ba a amfani da shi, ba a rufe shi ba, ba a kuma ɗora masa makulli na biyu ba. Kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4. Babu wani siddabaru a cikin waɗannan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikin sabon ma'aikaci shi ne duba bango kullum.

SHIKA-SHIKAI HUƊU

Harsashin wannan sana'a yana bisa abubuwa huɗu. Na farko shi ne sanin ita kanta kwamfutar da tsarin da ke tafiyar da ita. Yawancin ofisoshi Windows su ke amfani da shi, saboda haka dole ɗalibi ya san yadda a ke buɗe wa ma'aikaci asusu, da yadda a ke ƙayyade abin da zai iya taɓawa da wanda ba zai iya ba, da inda na'ura ke ajiye rajistar duk abin da ya faru a cikinta. Manyan na'urorin da ke riƙe da shafukan intanet kuwa, akasarinsu Linux ne ke tafiyar da su, tsarin nan da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan, wanda har yau kyauta a ke samunsa. Wanda ba ya iya zama gaban baƙin allo ya rubuta umurni da hannunsa, ya nemo fayil, ya canja izini, ya karanta rajista, to bai kama hanya ba tukuna.

Na biyu shi ne sanin yadda na'urori ke magana da junansu, kuma wannan shi ne ginshiƙin da ya fi kowane nauyi. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi, kuma a tsarin da aka fi sabawa da shi adireshin lambobi ne kashi huɗu, kowane kashi daga 0 zuwa 255. A kowane adireshi kuma akwai ƙofofi masu lamba har 65,535, kowace hidima da tata. Shafukan intanet suna bi ta ƙofa ta 80 da ta 443. Neman adireshin wani suna yana bi ta 53. Shiga na'ura daga nesa yana bi ta 22 ko ta 3389. Ita WannaCry da aka ambata ta ƙofa ta 445 ta yi ta yaɗuwa, watau wadda na'urorin Windows ke musayar fayiloli ta cikinta. Ɗalibin da ya san wannan, da ya ga ƙofa ta 445 a buɗe ga duniya gabansa zai faɗi. Wanda bai sani ba kuwa lamba kurum ya gani.

Na uku shi ne ɗan abin da ya samu na rubuta manhaja. Ba a ce sai mutum ya zama gwani ba, amma ya kamata ya iya rubuta 'yan layuka da harshen Python waɗanda za su tace masa rajista mai layi dubu ɗari su fito da adireshin da ya fi yawan ƙwanƙwasa ƙofa, ya kuma san yadda a ke tambayar rumbun bayanai da harshen SQL.

Na huɗu, wanda aka fi rainawa, shi ne harshe da alƙalami. Littattafan wannan fanni da jarrabawarsa da Turanci su ke, kuma rabin aikin rubuta rahoto ne. Wanda ya gano ɓaraka amma ya kasa bayyana ta ga manaja a shafi guda, ta yadda manajan zai fahimci asarar da ke tafe ya saki kuɗin gyara, to kamar bai gano kome ba ne. Haka kuma wanda ya iya zaunar da masinja da akawu da direba ya fahimtar da su da Hausa ko da Turancin kasuwa dalilin da ya sa ba a danna kowane saƙo, ba a kuma ba kowa lambar sirri ko da ya ce daga banki ya ke, ya toshe kafar da na'urar miliyoyin naira ba za ta toshe ba.

A kan waɗannan huɗu ne a ke ɗora manufofin nan uku da kowane littafin tsaro ke farawa da su: kada wanda bai cancanta ba ya ga bayani, kada a sauya shi ba da izini ba, kada kuma a rasa shi a lokacin da a ke bukatarsa.

MAƘERA A CIKIN ƊAKI

Ba a koyon ƙira da kallo. Alhamdu lillahi, kayan koyon wannan sana'a yawancinsu kyauta ne. Ɗalibin da ya mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ta hannu ce, muddin ƙwaƙwalwar aikinta ta kai gigabait 8, zai iya saka manhajar VirtualBox, wadda za ta ba shi damar kafa na'urori biyu ko uku na gwaji a cikin tasa. Ya sa Ubuntu a ɗaya, Windows a ɗaya, Kali Linux a ta uku, ya haɗa su. Da Nmap zai ƙirga ƙofofin da ke buɗe. Da Wireshark zai ga saƙonni suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ya ga da idonsa bambancin kalmar sirri da aka aika tsirara da wadda aka lulluɓe. Da Packet Tracer na kamfanin Cisco zai shimfiɗa hanyoyin sadarwar ofis sukutum ba tare da ya sayi waya ko taku ɗaya ba. Akwai kuma dandali irin su TryHackMe da Hack The Box da OverTheWire, da picoCTF na Jami'ar Carnegie Mellon, inda aka tanadi na'urori musamman domin a gwada fasa su bisa izini.

Wata shawara mai muhimmanci ita ce ɗalibi ya riƙa rubuta duk abin da ya gwada: abin da ya nufa, umurnin da ya bayar, abin da ya fito, inda ya maƙale, da yadda ya fita. Bayan wata shida wannan littafi zai zama hujjar da zai ajiye a gaban mai ɗaukar aiki, domin gani ya kori ji.

TSANIN TAKARDU

Sai harsashi ya kafu sa'an nan a zo maganar takardu. Suna da amfani ƙwarai, domin a manyan ma'aikatu akwai masu tace takardun neman aiki waɗanda ba za su miƙa sunan mutum gaba ba in ba su ga wata shaida da suka sani ba. Amma hawa-hawa su ke kamar tsani.

A matakin ƙasa akwai kwas ɗin tsaron intanet na Google da aka fara a 2023 a dandalin Coursera, wanda ke gabatar da ɗalibi ga Linux da SQL da Python. Akwai kuma takardar CC ta ƙungiyar ISC2 da aka fito da ita a 2022, wadda ba ta bukatar mutum ya taɓa aiki, sai dai akwai kuɗin shekara-shekara da mai ita zai riƙa biya. Waɗannan na ɗanɗano ne, mutum ya gane ko sana'ar ta dace da shi.

A mataki na biyu akwai takardun sadarwa. Network+ ta ƙungiyar CompTIA tana koyar da tushen abin ba tare da jingina ga kayan wani kamfani ba. CCNA ta kamfanin Cisco, wadda tun watan Fabrairu 2020 aka mayar da ita jarrabawa guda ta minti 120, ta fi zurfi da wahala, kuma tana da daraja wajen bankuna da kamfanonin sadarwa masu amfani da kayan wannan kamfani. Ɗaya daga cikin biyun ta isa.

A mataki na uku ne Security+ ta ke, ita ma ta CompTIA, kuma ita ce aka fi tambaya a guraben sababbin shiga. A tsarin da aka fitar a watan Nuwamba 2023, tambayoyinta ba su wuce 90 ba, lokaci minti 90, kuma sai mutum ya sami maki 750 daga cikin 900 zai haye. Kashi mafi girma, watau 28 cikin ɗari, a kan aikin tsaro na yau da kullum ya ke, kuma akwai tambayoyin da za a ajiye wa mutum matsala a ce ya warware ta da hannunsa. Su kansu masu jarrabawar sun ba da shawarar a fara da Network+ da kuma aikin shekara biyu kafin a zauna mata. Shekara uku ta ke yi, daga nan sai an sabunta.

Sauran manyan sunayen da a ke ruɗar yara da su ba na mai farawa ba ne. CISSP tana bukatar aikin shekara biyar a aƙalla fannoni biyu daga cikin takwas, kuma wanda ya ci jarrabawar ba shi da waɗannan shekaru ba za a ba shi laƙabin ba sai ya cika su. CISM ta ƙungiyar ISACA ita ma shekara biyar ta ke nema, domin ta shugabannin sashe ce. CEH tana bukatar aikin shekara biyu ko kuma a biya kuɗin horon masu ita, kuma tana da tsada. OSCP kuwa jarrabawa ce ta kusan awa 24 cur, mutum yana fama da na'urori na gaske, sa'an nan a ba shi wata kwana guda ya rubuta rahoto. Duk makarantar da ta ce za ta ɗauki yaron da bai san adireshin na'ura ba ta kai shi ɗaya daga cikin waɗannan cikin wata biyu, to kuɗinsa ta ke so.

LISSAFIN ALJIHU

Waɗannan jarrabawa da dala a ke biyansu, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kafin watan Yuni 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. A 2024 kuɗin zama jarrabawar Security+ kimanin dala 400 ne, watau wajen naira 600,000 a wancan farashi. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne. Ashe ke nan zama ɗaya ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata takwas, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai hankali shiga ɗakin jarrabawa da shirin rabi da rabi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsadar nan ce kuma ta buɗe kasuwar masu sayar da tambayoyin sata, waɗanda ke cewa a haddace amsoshi a je a zuba. Mai karatu ya sani cewa hukumomin jarrabawar suna soke takardar wanda aka kama da wannan, suna kuma iya hana shi sake zama. Ko bai shiga hannu ba, ranar da aka ajiye masa rajistar na'ura aka ce ya nuna inda ɓarawo ya shiga, haddar ba za ta cece shi ba.

Akwai hanyoyin rage nauyi. Darussan Security+ da Network+ cikakku suna nan kyauta a YouTube, irin na malamin nan da a ke kira Professor Messer. Coursera tana da tsarin tallafi ga wanda ya nema ya nuna ba shi da hali. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, kuma tsaron intanet yana cikin fannoninsa. Ga masu neman ilmi mai zurfi, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da takwararta ta Akure suna da sashen wannan fanni, kuma a farkon 2024 Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna ta raba babbar difloma ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki tsaron intanet da kare bayanai. Sai dai digiri ma bai ɗauke wa kowa zaman gwaji da hannunsa ba.

ƘOFAR SHIGA

Kaɗan ne su ke fara aiki kai tsaye a ɗakin sa ido. Yawanci ta ƙaramar ƙofa a ke shiga: teburin taimakon ma'aikata, inda a ke gyara na'urar da ta ƙi tashi da asusun da ya kulle, ko jan waya da haɗa na'urori, ko kula da kwamfutocin wata makaranta ko asibiti. Kada saurayi ya raina wannan. A nan ne zai ga yadda mutane ke rubuta kalmar sirri a takarda su liƙa a jikin allo, da yadda a ke barin asusun wanda ya bar aiki a buɗe shekara da shekaru, watau irin kafar da ta jawo wa Colonial Pipeline asara. Ɗalibin da za shi koyon aiki na SIWES, da mai shirin bautar ƙasa, su yi ƙoƙari a tura su sashen kwamfuta, ko da babu alawus mai tsoka. Shekara guda a irin wannan wuri, tare da takarda ɗaya ta gaskiya da littafin gwaje-gwaje, ta fi takardu biyar a hannun wanda bai taɓa riƙe na'urar kowa ba.

AMANA

Saura abu guda wanda babu jarrabawar da ke auna shi. Wanda ya tsayar da WannaCry wani saurayi ne ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, wanda ya koya wa kansa sana'ar a ɗakinsa. Da ya binciki manhajar sai ya lura tana neman wani adireshin intanet da ba a yi wa rajista ba. Ya biya abin da bai kai dala 11 ba ya yi masa rajista, sai yaɗuwarta ta tsaya. Duniya ta yi ta yabonsa. Bayan wata uku, a watan Agusta 2017, jami'an Amurka suka kama shi a Las Vegas saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya taimaka aka ƙera shekarun baya, kuma a 2019 ya amsa laifinsa a gaban kotu. Labarinsa ya nuna cewa iyawa ita ce ke aiki a ranar tashin hankali, ya kuma nuna cewa abin da yaro ya aikata a intanet yana nan ajiye yana jiransa.

A Nijeriya Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri na shekaru, ko tara ta miliyoyin naira, ko duka biyu, ga masu kutsawa na'urorin mutane ba da izini ba. Saboda haka ƙa'idar ita ce kada ɗalibi ya gwada kayan aikinsa a kan shafin makarantarsu, ko na banki, ko na'urar maƙwabci, ko da da niyyar taimako ne, sai da izini a rubuce. Kuma ya nisanci abokan da za su ce ya zo a ci kuɗi da iliminsa. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ya yi tashe da motoci da tufafi a Dubai, amma a watan Nuwamba 2022 wata kotu a Amurka ta yanke masa ɗaurin fiye da shekara 11. Banki ba ya damƙa mabuɗin taskarsa ga wanda aka taɓa kamawa da hannu a ciki.

Daga ƙarshe, kira ga iyaye shi ne kafin su biya wa yaro kuɗin kowace makaranta, su tambaya ko akwai na'urorin gwaji, ko za a fara da sadarwa da Linux, da kuma sunan hukumar da za ta ba da takardar. Kira ga bankuna da kamfanonin sadarwa shi ne su buɗe guraben koyon aiki, domin ba daidai ba ne kowa ya nemi mai shekara uku a bakin aiki alhali babu mai son ba da shekarar farko. Gwamnatocin jihohi kuma, maimakon raba kwamfutoci a filin taro, za su fi taimakawa in sun ɗauki nauyin kuɗin jarrabawar yaran da aka gwada aka ga sun shirya. Su kuwa matasa, su ba harsashi watanninsa kafin su nemi takarda. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mai rabo sa'a.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.